Abacha Tsakanin Aiki da Laifi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan 8 ga Yuni, ranar da Abacha ya rasu, ta zagayo, sai gardama ta kaure a majalisarmu da ke bakin titin Bauchi a nan Jos. Wani ya ɗaga waya ya nuna hoton Janar Sani Abacha da baƙin tabarau, ya ce Allah Ya jiƙan maza, tun da ya tafi ƙasar nan ba ta sake zama daidai ba. Wani ya ce ɓarawo ne azzalumi. Mafi yawan masu ɗaga jijiyar wuya ba a ma haife su ba lokacin da mutumin ya rasu. Ni kuwa a shekarun mulkinsa ina koyar da tarihi a wata sakandare, da iyali a wuyana. Waɗannan su ne tambayoyin da tsofaffin ɗalibaina da 'ya'yana da abokan zama suka fi yi mini, tare da abin da nake amsa musu.

Malam, yaya aka yi ma ya hau mulki?

Janar Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 wanda Cif MKO Abiola ke kan gaba a cikinsa, ƙasa ta rikice, ya sauka a watan Agusta ya bar gwamnatin riƙon ƙwarya a hannun Ernest Shonekan. Abacha ne ministan tsaro a gwamnatin. Ranar 17 ga Nuwamba 1993 ya ture Shonekan, ya rushe majalisu da jam'iyyun SDP da NRC, ya kori zaɓaɓɓun gwamnoni ya naɗa sojoji. Ya yi shekara huɗu da wata shida da 'yan makonni a kan kujera, har ya rasu a fadar Aso Rock ranar 8 ga Yuni 1998. Ba wanda ya zaɓe shi, kuma ya kamata a riƙe wannan a rai kafin a shiga lissafin komai.

Da gaske ya yi aiki, ko dai son rai ne ke sa mutane faɗa?

Ya yi aiki, kuma duk wanda ya ce bai yi ba, ko bai ga zamanin ba ko ƙiyayya ta rufe masa ido.

Babban abin da talakan Arewa ke tunawa shi ne PTF, wato asusun rarar kuɗin man fetur. A watan Oktoban 1994 gwamnati ta ɗaga litar fetur daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 11, ta ce rarar za ta shiga wani asusu na musamman, aka ɗora Janar Muhammadu Buhari a kansa. Da kuɗin aka gyara hanyoyi, aka kai magunguna asibitocin gwamnati, aka raba littattafai, aka gyara ajujuwa da famfunan ruwa. Wannan ba labari aka ba ni ba. A makarantar da nake koyarwa an kawo mana benci da littattafai masu tambarin PTF bayan shekarun da yara suka yi suna zama a kan bulo. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta sha maganin hawan jini da araha daga ɗakin magani na asibitin gwamnati, abin da kafin nan sai dai a rubuta maka takarda ka fita kemis. Wanda aka yi wa wannan ba zai manta ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 ya ƙirƙiro jihohi shida: Bayelsa, Ebonyi, Ekiti, Gombe, Nasarawa da Zamfara, suka cika 36. Mu nan Filato abin ya taɓa mu kai tsaye, domin daga jikinmu aka yanki Nasarawa, mutanen Lafiya da Keffi da Akwanga suka huta da hawo dutse zuwa Jos a kan kowace 'yar takarda. A Abuja, rukunin gidajen Gwarinpa aikin zamaninsa ne, haka ma babban asibitin ƙasa, wanda aka faro a ƙarƙashin shirin tallafa wa iyali na uwargidansa Maryam, aka buɗe shi a 1999. Ya kafa kotuna na musamman a kan bankunan da suka durƙushe, manya da dama suka kwana a tsare saboda kuɗin masu ajiya. A waje kuma, sojojin Najeriya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, ne suka kori masu juyin mulkin Saliyo suka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah a watan Maris 1998. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne, haƙƙin da ya aika sojoji su ƙwato wa mutanen Saliyo, shi ne ya danne wa 'yan ƙasarsa.

Kuma duk ya yi wannan ne da ɗanyen mai mai arha. Gangar mai tana kai-kawo ne tsakanin dala 15 da 21, a 1998 ma ta faɗo wajen 12.

Sai dai a tuna daga ina kuɗin PTF suka fito. Daga aljihun direban tasi da mai injin niƙa da duk wanda ya hau mota, waɗanda aka ninka musu kuɗin fetur fiye da sau uku a mako guda. Su suka biya kuɗin bencin nan.

An ce a lokacinsa dala naira 22 ce. Wannan kaɗai bai isa ba?

Farashi biyu ne. Akwai na gwamnati, kusan naira 22, wanda sai gwamnati da waɗanda ta ga dama ke samu. Ɗan kasuwar Terminus mai sayo kaya daga waje kuwa, a kan naira 80 da wani abu yake sayen tasa. Wanda ya san ƙofar da ake bi ya karɓa a 22, yana fitowa ya sayar a 80, ya ninka kuɗinsa kusan sau huɗu bai ɗaga ko tsinke ba. Idan ka ga ana yaɗa 22 ɗin nan a Facebook, rabin zancen aka faɗa.

Hauhawar farashi kuma gaskiya ne ta sauka, ta dawo kashi 8.5 cikin 100 a 1997. Amma a 1995, shi dai yana kan mulki, ta kai kusan kashi 73. Da aka tsayar da gudun farashi, kaya ba su koma yadda suke ba, albashi kuma an daskarar da shi. Mu malamai mun san yadda tsakiyar wata take a lokacin. Ga layin mai na kwana da kwanaki a ƙasar da ke da matatu huɗu, ga kananzir ya yi wuya har mata suka koma girki da murhun garin katako, wanda aka laƙaba wa sunan Abacha. Buhun shinkafa ya fi na yau arha nesa ba kusa ba, haka ne. Tambayi mahaifinka nawa yake ɗauka a wata, sannan ka yi lissafin.

To mene ne laifukan da ake ta faɗa?

Bari in kawo waɗanda ba a jayayya a kan aukuwarsu.

Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a watan Yunin 1994, aka kama shi, ya yi shekara huɗu a tsare ba a kammala shari'arsa ba, ya rasu a hannun hukuma ranar 7 ga Yuli 1998, wata guda bayan Abacha. Matarsa Kudirat, wadda ke fafutukar a sake shi, an harbe ta a cikin motarta a Legas ranar 4 ga Yuni 1996. Kafin nan, a Oktoban 1995, an bi dattijo Alfred Rewane har gida an harbe shi.

Ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas 'yan Ogoni a Fatakwal. Tuhumar ita ce hannu a kisan wasu shugabannin Ogoni huɗu a 1994. Kisan mutum huɗun nan laifi ne babba wanda ya cancanci shari'a ta gaskiya, amma kotun da aka kafa ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta, kuma daga baya wasu shaidu suka fito suka ce saye su aka yi. Kwana goma kacal tsakanin hukunci da igiya. A kan haka aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila.

A 1995 aka ce an gano shirin juyin mulki, aka yi shari'a a ɓoye, aka ɗaure Janar Obasanjo da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da sojoji da farar hula da dama, har da 'yan jarida irin su Chris Anyanwu da Kunle Ajibade, waɗanda laifinsu shi ne buga labarin. Obasanjo ya yi zama a gidan yarin Jos ɗin nan namu kafin a wuce da shi Yola. A ƙarshen 1997 aka sake cewa an gano wani shirin, aka kama mataimakin Abacha da kansa, Janar Oladipo Diya. A barikin Rukuba aka yi musu shari'a, kotun Janar Victor Malu ta yanke wa Diya da wasu hukuncin kisa a Afrilun 1998. Mutuwar Abacha ce ta riga zartar da shi.

Ban da wannan akwai rufe jaridun Guardian da Punch da Concord a 1994, da rushe shugabancin ƙungiyar ƙwadago, da tsare Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan mai shekara huɗu ba shari'a, da haramta ƙungiyar malaman jami'a a 1996. Dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, wato Doka ta 2, gadonta ya yi daga gwamnatin Buhari ta 1984, adalci ne a faɗi haka. Shi kuma ya ƙara da Doka ta 12 ta 1994, wadda ta hana kotuna sauraron ƙara a kan abin da gwamnatinsa ta aikata. Ƙarshen tafiyar, jam'iyyu biyar da ya yi wa rajista duka suka tsayar da shi ɗan takararsu tilo a Afrilun 1998, bayan gangamin da aka shirya masa a Abuja a watan Maris. Bola Ige ya kira jam'iyyun yatsu biyar na hannun kuturu.

Ai Yarbawa ne da Turawa suke ɓata masa suna don ɗan Arewa ne kuma ya ƙi yi musu biyayya.

Wannan maganar Yayana ce, kuma ita ce ta fi yawo. Akwai ƙamshin gaskiya a gefe guda: ƙasashen da suka yi ta Allah wadai da shi ba su daina sayen manmu ba ko na kwana ɗaya, kuma bankunansu ne suka karɓi kuɗin suka ɓoye. Munafuncinsu a fili yake.

Amma nakan ce masa, Yaya, Shehu Musa 'Yar'aduwa ɗan ina ne? Tafidan Katsina ne. Ya jagoranci yunƙurin da ya sa taron tsarin mulki ya tsayar wa soja ranar sauka, Janairun 1996. Bayan 'yan watanni aka kama shi, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997 yana da shekara 54. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki fa? An tuɓe shi a Afrilun 1996 aka kai shi jihar Taraba aka ajiye. Bagauda Kaltho, ɗan jarida daga ƙasar Gombe mai aiki a Kaduna, ya ɓace a 1996, sai daga baya hukuma ta ce shi ne ya mutu a bam ɗin otal ɗin Durbar, iyalinsa ba su samu gawarsa ba. Shehu Sani ma ɗaurin 1995 bai bar shi ba. Duk waɗannan namu ne. Mulkin bai tambayi kowa garinsu ba, abin da yake tambaya shi ne ko kana iya zama barazana ga kujerar.

Kuma ko da a ce duk waɗanda aka zalunta 'yan Kudu ne, sai me? Alƙur'ani ya hane mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Kudirat uwa ce, ta bar 'ya'ya.

Kuɗin da ake dawowa da su fa? Ba ajiya ya yi wa ƙasa ba saboda takunkumi?

Ajiyar ƙasa a asusun Babban Banki take zama, da sunan Najeriya, da takardar da duk gwamnatin da ta biyo baya za ta buɗe ta gani. Waɗannan kuɗi a asusun 'ya'ya da abokan hulɗa da kamfanonin bogi aka same su, a Suwizalan da Landan da Luksambok da tsibirin Jersey. Idan ajiya ce, me ya sa bayan ya rasu ba a miƙa makullin ba, sai da aka yi shekara ashirin ana shari'a da lauyoyi? Kuma wane mai tsoron takunkumin Turawa ne zai kai dukiyarsa bankin Turawa?

Hanyar da aka bi sananniya ce, tana cikin takardun kotu. Ofishin mai ba da shawara kan tsaro ya rubuta cewa ana bukatar kuɗi don wani aikin tsaro na gaggawa, shugaba ya sa hannu, a fitar da daloli tsaba daga Babban Banki. Gwamnatin Janar Abdulsalami ce ta fara ƙwatowa tun kafin ta sauka a 1999, kuma Abdulsalami ba Bature ba ne, ba Bayerabe ba. A 2005 kotun ƙolin Suwizalan ta yanke cewa kuɗin na haram ne, aka dawo da kimanin dala miliyan 500. A 2014 wata kotu a Amurka ta ƙwace fiye da miliyan 480. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta jimillar tsakanin dala biliyan 2 zuwa 5.

Masu kare shi kan kafa hujja da cewa Buhari ya faɗa a Kano a 2008 cewa Abacha bai yi sata ba. Ya faɗa. Amma a mulkin Buharin aka karɓi dala miliyan 322 daga Suwizalan, aka riƙa raba wa talakawa naira 5,000 a wata, sannan a 2020 aka karɓi miliyan 311 aka ware wa titin Abuja zuwa Kano da na Legas zuwa Ibadan da gada ta biyu a kan kogin Neja. Titin Kano ɗin nan da ya ci rayuka, da kuɗin sun zauna a gida tun 1996, wa ya san yawan waɗanda za su tsira?

Amma ai an zauna lafiya. Ba Boko Haram, ba garkuwa da mutane.

Gaskiya ne mutum kan tashi daga Jos da daddare ya nufi Kaduna ta Saminaka ba fargabar a sace shi, sai dai 'yan fashi jefi-jefi. Duk wanda ya biya kuɗin fansar ɗan'uwansa yana da haƙƙin ya yi kewar wancan zamani, ba zan yi masa gardama ba.

Mu dai mutanen Jos bai kamata mu manta da 12 ga Afrilu 1994 ba. Abacha bai cika wata biyar ba. Gwamnan soja, Kanar Mohammed Mana, ya naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa, ƙaramar hukumar da Babangida ya ƙirƙiro a 1991. Wasu suka ƙi, aka dakatar da naɗin, wasu kuma suka fusata, gari ya kama da wuta, aka rasa rayuka. An kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima, ya yi aikinsa ya miƙa rahoto, aka ajiye. Ba a zaunar da kowa an warware tambayar waye ɗan ƙasa waye baƙo ba. Ciwon ya ci gaba da ruruwa a ƙarƙashin bandeji har ya fashe ranar 7 ga Satumba 2001, ya sake fashewa a 2008. Wanda ya ce rikicin Jos dimokuraɗiyya ce ta haife shi, ya tsallake wannan shafin. Shirun da bindiga ta kawo, ranar da aka ɗauke bindigar yake ƙarewa, mun gani da idonmu.

Me zai hana a ɗora aikinsa a gefe guda, laifinsa a gefe guda, a ga wanda ya rinjaya?

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan nake rabuwa da masu yabo da ma wasu masu suka.

Sikeli yana aiki ne idan abu biyun irin guda ne, kuma na mutum guda. Idan ka ci bashin Audu ka hana, ka je ka yi wa Tanko kyauta, ba za ka ce wa Audu ku tashi biya ba. Mahaifiyata ta samu magani, Allah Ya sani na ji daɗi. Amma ba ni da ikon in ɗauki maganin nan in miƙa wa 'ya'yan Kudirat in ce ga diyyar uwarku. Ba ni aka yi wa laifin ba, don haka yafewar ba a hannuna take ba. Yawancin masu cewa alherinsa ya rinjayi sharrinsa, alherin ne ya iso ƙofarsu, sharrin ya sauka a gidan wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan titi da asibiti ba kyauta ba ce daga aljihun shugaba. Dukiyar jama'a ce aka yi wa jama'a aiki da ita, abin da ya wajaba a kan duk wanda ya zauna a kujerar. A yaba masa da ya yi, tun da wasu ba su yi ba. Amma wajibi da aka sauke ba ya zama lasisin zubar da jini.

Abin da na fi so matasa su riƙe shi ne wannan: a nuna mini aiki ɗaya da ba zai yiwu ba sai da laifin. Wace hanyar PTF ce za ta tsaya da an bar Saro-Wiwa ya ɗaukaka ƙara? Wane aji ne zai rushe da an bar 'Yar'aduwa a gidansa? Babu. An yi aikin don ƙasa, an yi laifin don kujera, kuma da an so da an yi na farko an bar na biyu.

Tarihin Musulunci ya riga mu fuskantar wannan. Hajjaju bin Yusuf gwamna ne mai iya mulki. Ya kwantar da tarzomar Iraƙi, ya gina birnin Wasiɗ, a zamaninsa aka yi hidimar sa ɗigo a rubutun Alƙur'ani wadda har yau muke cin moriyarta. Shi ne kuma ya yi wa Makka ƙawanya ya harba majaujawa, ya kashe Abdullahi bin Zubair, daga baya ya kashe babban malami Sa'idu bin Jubair. Malamanmu sun rubuta duka biyun. Ba su goge hidimar don kisan ba, ba su kuma ce hidimar ta wanke kisan ba, kuma sun kira shi azzalumi ba tare da in-ina ba. Akwai hadisin matsiyaci, wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya zubar da jinin wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu. Ko a can, masu haƙƙi ake fara sallama.

Ba an hana zagin mamaci ba?

An hana, kuma ba na zaginsa. Faɗin abin da shugaba ya aikata da ikon jama'a shaida ce. Lokacin da aka wuce da wata gawa sahabbai suka ambace ta da sharri, Manzon Allah (SAW) bai tsawata musu ba, ya ce su shaidun Allah ne a bayan ƙasa. Makomarsa tana hannun Ubangijinsa, wanda ya yi masa addu'a bai yi laifi ba.

Shi da hannunsa ya kashe wani?

Ba a taɓa gurfanar da shi ba, mutuwa ta riga. Sajan Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Rogers, ya faɗa a bainar jama'a cewa shi ya harbe Kudirat bisa umarni. Babban dogarin Abacha, Manjo Hamza Al-Mustapha, an yanke masa hukuncin kisa a kan lamarin a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2013, dole a faɗi wannan yadda yake. Kwamitin Mai Shari'a Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999 ya saurari koke-koke masu yawa, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba.

Amma ratayar Ogoni majalisar mulkin soja da yake shugabanta ce ta tabbatar da ita. Ɗaurin 1995 da tuɓe Sarkin Musulmi da dokar toshe kotuna duk da izininsa aka yi. Wanda ya tattara iko duka a hannunsa, har ake jingina masa kowane titi, ba zai yiwu a ce kurkukun kuma bai san da shi ba.

Farar hular da suka biyo baya sun fi shi ne?

A wasu fannoni ba su fi shi ba. A mulkin Obasanjo sojoji suka baje Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001. A mulkin Buhari sojoji suka kashe 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, inda kwamitin binciken jihar Kaduna ya tabbatar da binne mutum 347 a rami guda. Sata kuwa ba sai an faɗa ba. Ma'aunin da na auna Abacha da shi, shi zan auna su, kuma wanda ya yi shiru a kan Zariya ba shi da bakin magana a kan Fatakwal. Laifi tudu ne. Bambancin da na gani shi ne a 2015 mun sauke shugaba mai ci da ƙuri'a, kuma ina rubuta wannan ba na tsoron a ƙwanƙwasa mini ƙofa da asuba.

Gaddafi fa? Dubi yadda Libiya ta koma bayansa.

Ya yi shekara 42, ya jawo ruwa daga ƙarƙashin hamada zuwa biranen gaɓa, mutanensa sun samu ilimi da magani, 'yan ci-raninmu ma sun ci arziki a can. Yadda NATO ta shiga da yadda aka kashe shi abin ƙyama ne, kuma makaman da suka bazu bayan faɗuwarsa har mu sun shafa. Amma a 1996 an kashe fursunoni kimanin 1,200 a kurkukun Abu Salim, aka ɓoye wa iyalansu shekaru, kuma kama lauyan iyalan nan ne ya kunna zanga-zangar Bengazi a Fabrairun 2011. Ƙasar da ta wargaje da mutuwar mutum ɗaya, a tambayi wanda ya yi shekara 42 bai bar majalisa ko kotu ko jam'iyyar da za ta iya tsayuwa da ƙafarta ba.

Kai Malam, ranar da ya rasu me ka ji?

Litinin ce. Da yamma muka ji a Sashen Hausa na BBC, muna zaune a ƙofar gida, ana ta zancen gasar kofin duniya da za a fara jibi a Faransa. Aka ce an wuce da gawar Kano, a daren aka binne shi. Labari ya zo cewa a Legas an fita tituna ana murna. Unguwarmu kuwa tsit ta yi. Yaya ya cire hularsa ya riƙe, hawaye na zuba, yana cewa an kashe mana shi. Ni na yi salati, na ji nauyin mutuwa kamar kowane Musulmi. Sai kuma tunanina ya tafi kan mutanen da aka yanke wa hukunci a Rukuba, 'yan kilomitoci daga inda muke zaune, na ji wani sauƙi ya sauko mini a ƙirji. Ban faɗa wa kowa ba a daren, domin ko a ƙofar gidanmu mun saba da rage murya.

Yaya ya haura saba'in yanzu. Duk 8 ga Yuni bayan Magariba yakan ce mu yi wa Janar addu'a, in ce amin. Wata shekara na ce masa, Yaya, a haɗa da Tafidan Katsina. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ɗaga hannu ya haɗa, kuma tun daga nan shi ke fara ambatonsa. Maganar kuɗin ce dai har gobe bai yarda ba, ya ce ajiya ce.